DISHEWAR MURYA: NA'URA TANA AUNAWA, AMMA SAI AN LEƘA AKE SANIN CIWON



'Yan'uwa masu bibiyar wannan zaure, iyayen gida maza da mata, darasinmu na yau a kan murya ne. Da zarar hunturu ya kankama, ko watan azumi ya raba, tambaya ɗaya ce take ta maimaita kanta: murya ta dishe, me za a sha? Wasu ma ba sa rubutawa, sai su turo saƙon murya wai a saurara a faɗa musu abin da ke damunsu. To ɗan'uwa, gara ka ji gaskiya tun daga farko. Kunne yana iya sanin cewa murya ta dishe. Akwai kuma na'ura yanzu da take auna dishewar ta ba ta lamba, kamar yadda ake auna hawan jini. Amma da kunnen da na'urar, babu wanda zai faɗa maka dalilin dishewar, sai an leƙa maƙogwaro an gani da ido. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan yake tafiya.

BATA, INDA AKE CI DA MURYA

In kana son ka fahimci wannan ciwo, je ka tsaya a Bata da hantsi, can inda Fagge ta haɗu da Sabon Gari. Wurin ya samo sunansa ne daga kamfanin takalman nan na Bata, amma yau abin da ya fi yawa a wurin ƙara ce. Adaidaita sahu suna ta hon, janareta yana ruri a bakin kowane shago, mai tallan magani ya ƙure lasifikarsa, mai sayar da waƙoƙi da wa'azi shi ma ya ƙure tasa. A tsakiyar wannan ne ɗan kamasho yake kiran fasinja tun safe har isha'i, ɗan gwanjo yana ƙwala farashi, yaron shago yana jawo mai saye daga bakin Kasuwar Sabon Gari, dillali yana ciniki a waya da wani a Kwari ko Singa. Duk waɗannan bayin Allah muryarsu ce jarinsu. Ranar da ta ɗauke, cefane ya tsaya.

Hira ta yau da kullum a cikin ɗaki ƙarfinta bai wuce desibel 60 ba, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Titi mai cunkoson ababen hawa yana kai 80 zuwa 85. Wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa, Etienne Lombard, shi ne ya bayyana a 1911 cewa mutum yana ɗaga muryarsa da kansa idan ƙara ta yi yawa a kusa da shi, ba tare da ya yi niyya ba, ba ma tare da ya sani ba. Shi ya sa za ka ga maigida ya dawo daga kasuwa yana magana da iyali kamar ana faɗa, uwargida ta ce "Malam lafiya?" shi kuwa a ransa a hankali yake magana. Ƙara masa ƙurar hunturu da bushewar iska da hayaƙin salansa, ka ga an haɗa wa maƙogwaro aiki.

Ba 'yan kasuwa kaɗai ba. Ladanin unguwa, limamin da ke jan tarawihi da tahajjudi, alaramma mai jan baƙi a wurin tafsiri, malamar Islamiyya da ke gaban yara tamanin ba lasifika, uwa mai 'ya'ya shida da sai ta kira kowanne sau uku, duk layi ɗaya suke. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce kusan mutum ɗaya cikin uku zai gamu da matsalar murya a wani lokaci na rayuwarsa.

INA MURYA TAKE FITOWA?

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ce "aaa". Wannan karkarwar da ka ji, a bayan wurin akwai wasu tantani guda biyu a kwance kamar leɓɓa, tsawonsu a babban mutum bai wuce santimita biyu zuwa biyu da rabi ba, na mace ma bai kai haka ba. Idan kana numfashi suna buɗe. Idan za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta bi ta tsakaninsu, su riƙa buɗewa da rufewa da gudun da ido ba ya iya bi. A namiji wajen sau 100 zuwa 120 a sakan ɗaya, a mace wajen sau 200, a yaro ma ya fi haka. Yi lissafi da kanka: malamar da muryarta ta yi aiki na awa ɗaya da rabi cif a yini, tantanin nan sun gwaru da juna fiye da sau miliyan ɗaya. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya halicce su. In da tafin hannunka ne ka tafa sau miliyan, ai da ya kumbura.

A nan ne zan tsaya kan maganar belu, domin har gobe ana yi. Mutum muryarsa ta dishe, sai a ce belu ne, a kira wanzami ya yanke. Ɗan'uwa, belu a can saman baki yake, a ƙarshen ganɗa, ka buɗe baki a gaban madubi za ka gan shi yana reto. Tantanin murya kuwa suna can ƙasa cikin wuya, ba ka taɓa ganinsu a madubin ɗakinka. Yanke belu ba ya taɓa inda ciwon yake. Abin da zai iya jawowa shi ne zubar jini, da shigar ƙwayar cuta ta hanyar aska, irin su ciwon hanta da tetanus. In an yanke kuma muryar ta dawo bayan sati, to mura ce dama, da za ta warke ko ba a yanke ba. Muna girmama wanzamai a kan sana'arsu ta gado, amma wannan aikin dai a bar shi.

Malaman likitancin Musulunci ba su jahilci wannan wuri ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin guringuntsin maƙogwaro da tsokokinsa da dalilan canjawar murya a littafinsa Alƙanun. Abin da ba su da shi shi ne hanyar ganin tantanin a jikin mai rai yana magana. Wannan sai a 1854, lokacin da wani malamin koyar da waƙa ɗan Sifen, Manuel Garsiya, ya sa ɗan ƙaramin madubin likitan haƙori a bayan bakinsa, ya haska da hasken rana, ya ga nasa tantanin suna motsi.

YADDA AKE AUNA DISHEWA

Awo na farko kunnen gwani ne. Akwai wani ma'auni da likitocin Japan suka tsara, wanda Farfesa Minoru Hirano ya yaɗa a 1981, ana kiransa GRBAS. Likita zai saurare ka ya ba da maki daga 0 zuwa 3 a kan abu biyar: yawan dishewar gaba ɗaya, kaushin muryar, yoyon iska a cikinta, rauninta, da kuma yadda kake matse wuya kafin ta fito. Har yau ana amfani da shi. Matsalarsa ita ce kunne ba ɗaya ba ne. Abin da wannan likita ya ba 2, wancan zai iya ba shi 1, shi kansa likitan in ya gaji da yamma ba lallai ya ji kamar yadda ya ji da safe ba.

Shi ya sa aka koma ga kwamfuta. Za a zaunar da kai a ɗaki marar ƙara, a sa maka makirufo kusa da baki, tazarar santimita 4 zuwa 10, a ɗan karkace don kada hucin numfashi ya buge shi. Za a ce ka ja "aaa" na 'yan sakanni, sannan ka karanta wasu jimloli. Babu allura, babu zafi. Manhaja ce za ta yanyanka sautin ta fitar da lambobi. Wadda aka fi sani ita ce Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amstadam a ƙasar Holan suka rubuta tun farkon shekarun 1990, kuma kyauta ake sauke ta a intanet.

To me take aunawa? Ka tuna matan gida suna lugude a turmi ɗaya. In sun ƙware, tsakanin wannan bugu da na gaba lokaci ɗaya ne, ƙarfin bugun ma kusan ɗaya. Haka lafiyayyen tantanin murya yake. Idan tazarar lokacin ta riƙa rikicewa, wannan bugu ya yi sauri wancan ya makara, masana suna kiran wannan jita, kuma a muryar lafiya bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Idan ƙarfin bugun ne yake hawa yana sauka, shi ne shima, iyakarsa da aka saba ambata wajen kashi 3.8 cikin 100. Na uku shi ne gwada tsabtataccen amo da shuuu ɗin da ke cakuɗe da shi, kamar tashar rediyon da ba ta kama sosai ba. Tantanin da ba su rufe ruf ba suna barin iska tana zurarewa, na'ura kuma tana jin wannan zurarar. A lafiyayyar murya amon yana rinjayar shuuu ɗin da wajen desibel 20.

Sai dai jita da shima suna da wani aibi mai ban dariya: idan murya ta lalace ƙwarai, manhajar ba ta ma iya gane inda bugu ɗaya ya ƙare wani ya fara, sai ta fitar da lambar da ba a dogara da ita. Wato a wurin wanda ya fi buƙatar awon, nan ne awon ya fi rauni. Wannan ya sa aka fi karkata yanzu ga wani awo da ake taƙaita sunansa da CPP, wanda yake duba yadda amon murya ya yi fice a kan hayaniyar da ke tare da shi ba tare da ƙirga bugu ɗaya-ɗaya ba. Ƙungiyar masana magana da ji ta Amurka ta ba da shawarar amfani da shi a 2018. A ƙasar Beljiyam kuma, Youri Maryn da abokan aikinsa suka fitar da wani ma'auni a 2010 mai suna AVQI, wanda yake haɗa awo shida ya dunƙule su a lamba ɗaya daga 0 zuwa 10. Ƙaramar lamba lafiya, babba dishewa.

Amfanin wannan a bayyane yake. Lamba ba ta da son kai kuma ba ta mantuwa. In an auna ka yau aka samu 6, bayan wata biyu na magani aka samu 3, an san ana kan hanya. In tana nan a 6 ko ta hau 7, an san da sauran aiki, ko da kai kana cewa "ai da sauƙi" don kunya ko don gajiya da zuwa asibiti. Mu Hausawa kuwa ka san mu da "da sauƙi", ko mutum yana kan gargara.

ME YA SA SAƘON MURYA BA YA ISA

Yanzu koma Bata da wayarka. Ka tsaya a bakin shago ka danna ka yi saƙon murya ka tura wa wani ya duba maka. Abu biyu sun riga sun ɓata awon. Na farko, masu wannan ilimi suna son muryar ta fi ƙarar ɗakin da aƙalla desibel 30 kafin su yarda da lambar. A bakin titi ba za ka samu haka ba, sai manhajar ta lissafa kukan janareta a cikin dishewarka. Na biyu, saƙon murya matse shi ake yi don kada ya ci data, wayar ma da kanta tana goge abin da take zaton hayaniya ce. To ai hayaniyar da ke cikin muryar ita ake nema. An share shaidar tun kafin a kai ta gaban alƙali.

Akwai kuma maganar harshe. Iyakar da ke raba lafiya da ciwo a ma'aunin AVQI ba ɗaya ba ce a kowane harshe, sai an gwada shi a kan masu harshen an tsayar musu da tasu. Hausa kuwa tana da nata hali. Da hawa da saukar murya muke bambanta kukan yaro da kukar miya. Muna kuma da haruffa irin su ɓ da ɗ da 'y waɗanda sai an ɗan matse maƙogwaro suke fita. A ganina, duk wanda ya ɗauko iyakar da aka tsayar wa Baturen Holan ya ɗora wa Bakano yana karanta "ɓarawo ya ɗauki ɗan akuya", ya kamata ya yi taka-tsantsan da sakamakon. Saboda haka in ka ga wata manhaja a waya tana cewa za ta gano maka cutar maƙogwaro daga muryarka, ko wani ya ce ka turo sauti da kuɗi ya faɗa maka ciwonka, riƙe kuɗinka.

LAMBA ƊAYA, CIWO DABAN-DABAN

Ga inda maganar take da nauyi. A ce mutum huɗu sun je awo, kowannensu na'ura ta ba shi 6. Na farko ɗan kamasho ne da kanta ta fito masa a tantanin murya, irin kantar da ke fitowa a hannun manomi, saboda yawan gwaruwa. Wannan sau da yawa ba ya buƙatar tiyata, hutu da koyon yadda zai yi magana ba da ƙarfi ba sun isa. Ta biyu uwargida ce da aka yi wa aikin maƙoƙo, jijiyar da ke motsa tantani ɗaya ta taɓu, ya tsaya cik. Na uku tela ne mai tarin fuka da ya hau har maƙogwaro. Na huɗu dattijo ne da ya shekara talatin yana shan sigari, sankara ta fara tsiro a gefen tantaninsa, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. A kunne duk dishewa ce. A na'ura duk 6 ne. Magani kuwa huɗu ne mabambanta, kuma biyu daga cikinsu jinkiri yana iya kai su kabari.

Wannan jijiyar da na ambata tana da abin mamaki. Ta ɓangaren hagu ba ta tafiya kai tsaye daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro, sai ta gangara cikin ƙirji ta zagayo ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, sannan ta hauro. Don haka ƙari a huhu ko kumburin wani sashe na zuciya yana iya fara bayyana da dishewar murya, alhali maƙogwaron kansa lafiya lau.

Sankarar tantanin murya kuwa, a cikin sankarori tana daga masu yin sallama da wuri, domin ɗan tsiro kaɗan ya isa ya canja murya. In an kama ta a matakin farko, takwas zuwa tara cikin goma ana shawo kanta, sau da yawa ma mutum ya tsira da muryarsa. Abin baƙin ciki, likitocinmu a Nijeriya sun daɗe suna kokawa cewa masu wannan ciwo ba sa zuwa sai numfashi ya fara gagara, lokacin da sai an huda wuya an sa bututu. Watannin da ke tsakani kuwa a ina suka tafi? A shan citta, da kemis, da "bari mu ga bayan salla".

Iyaye mata, ga taku. Yaron da muryarsa ta dishe wata da watanni, yawanci ihu ne da karatun allo da ƙarfi suka sa masa kanta. Amma akwai wata cuta da ƙwayar HPV ke kawowa, wasu 'yan tsiro masu yawa su fito a tantanin muryar yaro su riƙa toshe hanyar iska a hankali. Sau da yawa ana ɗaukarta asma ce ana ta ba da maganin asma. Yaron da muryarsa ta dishe kuma numfashinsa yana ƙara in yana jan iska ciki, kada a kwana da shi a gida.

SATI HUƊU

Ka riƙe wannan lissafi. Dishewar mura tana warkewa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin Amurka ta sabunta a 2018 ta ce duk dishewar da ta kai sati huɗu ba ta warke ba, a leƙa maƙogwaro. A Ingila ma sati uku ake faɗa wa jama'a. Ba a jira ko sati huɗun idan mutum mashayin sigari ko shisha ne, ko yana tofar da jini, ko haɗiya tana masa wuya, ko kumburi ya fito a wuya, ko kunne ɗaya yana ciwo ba dalili, ko yana ramewa da zufan dare, ko dishewar ta biyo bayan tiyata. Wahalar numfashi kuwa ta gaggawa ce, ko ƙarfe biyun dare ne.

Ƙa'idar nan ta kuma hana abin da muka fi yi: shan maganin kashe ƙwayoyin cuta don dishewa kawai, da shan irin su deksa kafin a ga maƙogwaron. Yawancin dishewar mura bairos ne ke kawo ta, kafso ba ya yi masa komai. Deksa kuwa tana sauke kumburi na ɗan lokaci, murya ta washe, mutum ya koma ihu a kan rauni, in kuma tarin fuka ne ta ƙara masa ƙarfi.

A Kano, wurin zuwa shi ne sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya ko a Asibitin Murtala da ke cikin gari. A Kaduna akwai cibiyar tarayya ta kula da kunne, wadda take duba hanci da maƙogwaro ma. Mai tari na sama da sati biyu tare da dishewa, Asibitin Zana ba shi da nisa da Bata, kuma gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Leƙen kansa ba abin tsoro ba ne. Ko dai a yi da ɗan madubi, ko a fesa maka maganin kashe zafi a hanci a zura wata siririyar igiya mai fitila, kana zaune idonka biyu, a ce ka ce "iii", cikin 'yan mintuna an gama. Maigida, in uwargida ce muryarta ta dishe, kai ne za ka ce a tashi a tafi. Kanta a tantanin murya ta fi kama mata manya fiye da maza, kuma su ne suka fi haƙuri da ita.

TO ZUMA FA?

Na san wannan kake jira. Zuma alheri ce, Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, likitocin zamani ma sun yarda tana sauƙaƙa tari da ƙaiƙayin maƙoshi. Sha abinka da ruwan ɗumi, ka ɗan sa citta in cikinka yana ɗauka. Amma ka san hanyar da take bi. Duk abin da ka haɗiya, akwai wani murfi da yake rufe hanyar iska ya tura shi hanyar abinci. Da zuma za ta taɓa tantanin muryarka, da ka ƙware ka yi ta tari. Ke nan tana lallashin maƙoshi ne daga sama, ba ta wanke kanta, ba ta narkar da tsiro. Kada kuma a ba jaririn da bai shekara ba zuma, akwai wata guba ta ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya karewa ba tukuna.

Abin da yake isa wurin kai tsaye shi ne abin da ka shaƙa. Sirace da ruwan zafi zalla, ba sai an zuba komai ba, minti goma, a nesa da yara. Haka kuma hayaƙin icce, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da maganin sauro na kunnawa, su ma kai tsaye suke isa, sai a kula. Ruwan da ka sha yana taimakawa ta cikin jini, shi ya sa mai azumi zai rarraba shansa tsakanin magariba da sahur, ba ya ɗirka shi lokaci ɗaya ba. Lemon tsami mai yawa, yaji, da kwanciya nan take bayan an cika ciki da sahur suna tayar da ƙwannafi, ruwan cikin kuma yana iya haurowa har maƙogwaro ya ƙona shi. Alawar mentol tana sa ka ji sanyi ka ɗauka ka warke, ka ci gaba da ihu. Yawan gyaran murya, wannan "ehem ehem" ɗin, buga tantanin ne da ƙarfi, gara ka kurɓi ruwa. Raɗa ma da ake matsa wuya a yi ta ba hutu ba ce, ka yi magana a tausashe ko ka yi shiru. Sassauta murya dai yana cikin wasiyyar Lukmanul Hakim ga ɗansa tun kafin a san desibel. Mai asma da ke shaƙar maganin fesawa mai sitiroyid, ya riƙa kuskure baki bayan kowace shaƙa, kuma kada ya daina maganin sai ya ga likitansa.

AWON DA ZA KA IYA YI A GIDA

Wayarka ba za ta gano ciwo ba, amma za ta iya zama maka shaida. Shiga ɗaki ka rufe ƙofa lokacin da babu janareta ko fanka. Buɗe manhajar naɗar sauti ta wayar, ba saƙon murya ba. Riƙe ta tazarar taƙi ɗaya daga bakinka, kullum haka. Faɗi ranar, ka ja "aaa" na sakan biyar, ka ƙirga ɗaya zuwa ashirin da muryar hira. In kai ladan ne ko limami, ƙara da ɗan abin da ka saba ja. Maimaita duk Juma'a a ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya. Mutum yana sabawa da dishewarsa har ya manta yadda muryarsa take a da, amma in ka jera sauti huɗu ka saurara, ba za ka ruɗi kanka ba.

Sannan ɗauki agogo. Ja numfashi ka cika ƙirji, ka ja "aaa" har iska ta ƙare, sau uku, ka riƙe mafi tsawo. Babban mutum mai lafiya yana kai sakan 15 zuwa 25, wasu mazan su wuce. Wanda ba ya kai 10, ko iska tana zurarewa ta tsakanin tantanin ko huhun yana da magana. Lura kuma da lokacin da ta fi dishewa. Wadda ta fi muni da asuba ta washe da hantsi ta fi kama da ta ƙwannafi, wadda take lafiya da safe ta mutu da yamma ta fi kama da ta yawan aiki. Rubuta ranar da abin ya fara, da magungunan da ka sha har da na gargajiya, kada ka ɓoye wa likita sigari. Ka tafi da duk wannan.

Kwamitocin masallatai, ku ma da naku. An zaɓi Sayyidina Bilal, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi kiran salla ne saboda muryarsa ta fi kaiwa nesa, a zamanin da babu lasifika. Yau akwai. Ku gyara makirufo ya riƙa ɗaukar murya ba sai ladan ya tsage wuya ba, ku tanadi batir don ranar da babu wuta, ku sa masa na'ibi. In muryarsa ta dishe, ku ba shi sati guda cur ya huta ba tare da an taɓa ɗan alawus ɗinsa ba, in ta kai sati huɗu ku haɗa masa kuɗin mota da na kati. Makarantun Islamiyya ma, 'yar ƙaramar lasifikar nan ta ratayawa a kugu tana nan a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, ku saya wa malamai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.